Lacca ta cinye ni, bincike ya tsaya: in koma asibiti ne?

Assalamu alaikum Malam. Ni likita ne, shekarata uku ina koyarwa a sashen lafiyar al'umma na kwalejin koyon aikin likita a wata jami'a. Ni na zaɓi fannin da kaina, amma yanzu na fara tunanin ko kuskure na yi. Ɗalibai ba su ɗauki darasinmu a bakin komai ba. Ranar da nake koyar da ƙididdiga rabin aji ba ya zuwa, waɗanda suka zo kuma waya suke latsawa. Wani ya taɓa faɗa mini ido da ido cewa shi tiyata ya zo koyo, ba ƙirga masai ba. Lacca da duba jarrabawa da fita da ɗalibai cikin al'umma sun cinye lokacina, ga shi ba a ƙarin girma sai da takardun bincike da aka wallafa. Guda ɗaya tak na iya kammalawa, ita ma shugaban sashenmu ya ce a sa sunansa a farko, alhali ko karanta ta bai yi ba. Abokaina da suka tafi ɓangaren tiyata sun yi mini nisa. In haƙura in ci gaba ne, ko in tattara in koma asibiti tun da sauran ƙarfina?

Wa'alaikumus salam, Likita.

Bari in fara da yaron nan mai maganar ƙirga masai. A tsakiyar wasiƙa ka cusa ta, amma ina jin ita ta fi yi maka ciwo.

Kada ka riƙe shi a zuci. Abin da idonsa ya nuna masa ya faɗa. Ya shiga ɗakin tiyata ya ga an kawo mutum ranga-ranga, bayan mako guda ya gan shi yana takawa da ƙafarsa, dangi suna ta sa wa likita albarka. Kai kuwa nasarar fanninka ita ce abin da bai faru ba. Kwalarar da ba ta ɓarke ba ba ta da hoto. Yaron da rigakafi ya tsare daga ƙyanda ba zai taɓa zuwa ya yi maka godiya ba, domin shi kansa bai san an tsare shi ba. Matashin da jininsa ke tafasa ba ya gane darajar irin wannan aiki sai an ja shi an nuna masa. A nan ne zan ɗan taɓa ka, ka yi haƙuri. Na san yadda aka saba koyar da darasin nan, don ni ma haka aka koya mini: a fara da ma'anar lafiya, a bi da ma'anar annoba, a jero ƙa'idojin lissafi a allo, a ce a haddace. Wanda aka yi wa haka awa biyu, in ya ciro waya, ba shi kaɗai ke da laifi ba.

Gwada wannan a laccarka ta gaba. Kada ka rubuta ma'anar komai. Zana musu taswirar unguwa, ka ce ga Soho a birnin Landan, ƙarshen watan Agustan 1854. Cikin kwana goma amai da gudawa sun kashe mutum fiye da 500 a 'yan layukan nan. Mafi yawan manyan likitocin zamanin sun tafi a kan cewa gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar. Ka diga musu gidajen da aka yi mutuwa, ka sa alamar famfunan tuƙa-tuƙa na unguwar, sannan ka ja bakinka ka yi shiru. Su faɗi abin da suka gani. In wani ya ce ai mace-macen sun taru ne a kewayen famfon titin Broad, sai ka jefa musu abin da zai rikita su: akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar wurin, mai ɗauke da mutum 535, amma biyar kawai suka mutu. Akwai kuma wani kamfanin giya a kan titin, ma'aikatansa fiye da 70, babu wanda ya mutu. Me ya tsare su? Ka bar su su yi ta musu kafin ka faɗa musu cewa duka wuraren biyu suna da rijiyarsu, ba sa dogaro da famfon. Sai ka ƙara da labarin wata mata da mijinta ya rasu, tana zaune can Hampstead, nesa da unguwar, amma cutar ta kashe ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi sawu har ya gano cewa ruwan famfon titin Broad take so, kullum ana kai mata shi a kwalba. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon.

Ka kuma faɗa musu gaskiyar da ake yawan tsallakewa: kafin a cire hannun, annobar ta riga ta fara lafawa, don mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Ka tambaye su, to da me za a tabbatar ruwan ne? Nan za su shiga ainihin darasin da kake son koya musu ba tare da sun ankara ba. Shi kuma mai son tiyata, ka gaya masa Snow ɗin nan gwani ne wajen sa majiyyaci barci, shi ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin gusar da zafi lokacin haihuwarta a 1853. Likitan duba majiyyata a asibiti ne na sosai, kuma ya rasu a 1858, kusan shekara 26 kafin Robert Koch ya tabbatar wa duniya da ƙwayar cutar kwalara. Da ƙafa da alƙalami Snow ya gano hanyar yaɗuwarta.

Ƙididdiga ma haka. Ɗalibin likita ba ya ƙin lissafi, lissafin da bai ga majiyyaci a cikinsa ba yake ƙi. Ce musu ga wani gwaji da ke kama mutum 99 cikin 100 masu ɗauke da wata cuta, amma yana yi wa 5 cikin 100 na masu lafiya ƙarya ya ce suna da ita. Cutar kuma mutum ɗaya cikin 100 ke da ita a gari. An gwada wata baiwar Allah, sakamako ya nuna tana da ita, tana zaune a gabanka tana kuka. Me za ka ce mata? Mafi yawansu za su ce ai magana ta ƙare. Sai ku ƙirga tare. A cikin mutum 10,000, masu cutar 100 ne, gwaji zai kama 99. Masu lafiya 9,900 ne, gwaji zai yi wa 495 ƙarya. Ke nan cikin mutum 594 da aka ce suna da ita, 99 ne kawai suke da ita da gaske, wato ɗaya cikin shida. Na sha ganin aji ya yi tsit a daidai wannan gaɓar. Wanda zai zama likitan tiyata ya fi kowa buƙatar sanin wannan, tunda shi zai ɗauki wuƙa.

Ba na ce duk za su dawo aji ba. Wasu ba za su zo ba ko da ganga ka buga. In ka samu goma da idonsu ya buɗe, ka ci riba.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya ka saurare ni. Yadda ka rubuta wasiƙarka, ka mai da koyarwa da bincike kishiyoyi, kwanan wannan hasarar waccan. In haka ka ɗauke su, lallai taura biyu ba ta taunuwa. Amma a cikin jerin abubuwan da ka ce sun cinye maka lokaci, ka ambaci fita da ɗalibai cikin al'umma. Likita, abin da kake kuka da shi, shi ne jarin da masu bincike da yawa ke nema da kuɗi ba su samu ba. Kana da matasa masu ilimin jikin ɗan Adam, waɗanda dole su fita, kowace shekara sabon rukuni, zuwa wuraren da aka riga aka san ku.

Me ake yi da wannan dama a mafi yawan sassa? Kowane rukuni ya zaɓi sabon maudu'i. Na bana su tambayi mutane me suka sani game da wanke hannu, na baɗi su tambayi ra'ayin mata a kan shayarwa. A cike takardu, a rubuta rahoto, ka ba da maki, a jibge a kabad ƙura ta rufe. Shekara goma ana fita, amma in aka tambayi sashen ko lafiyar mutanen wurin ta ƙaru ko ta ragu, ba mai amsa.

Ka juya abin. Zaɓi tambaya ɗaya wadda ta dame ka da gaske, ka tsaya a al'umma ɗaya, da takardar tambayoyi ɗaya, kowane rukuni ya ɗora daga inda na baya ya tsaya. Ɗauki hawan jini misali. Rukunin farko su auna manya gida-gida, wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura a sake auna shi wata rana, in ya tabbata a tura shi asibiti. Rukuni na biyu su koma wa mutanen nan dai: wa ya je, wa bai je ba, me ya hana shi? Na uku su duba wa ke shan magani har yanzu, wa ya bari, kuma don me. Kafin shekara uku kana da abin da ba kowa ke da shi ba, wato mutanen da aka bi diddiginsu tsawon lokaci. Takarda uku ko huɗu za su fita daga nan ba tare da ka ƙirƙiro wani lokaci daga sama ba, kuma takardu ne masu nauyi, ba irin na jin ra'ayi da aka cika mujallu da su ba.

Kada ka raina ƙanƙantar abin. A 1951 Richard Doll da Austin Bradford Hill sun aika wa likitocin Birtaniya 'yar gajeriyar takarda suna tambayar su ko suna shan taba, kuma nawa suke sha. Kimanin 40,000 suka amsa. Daga nan aikin bai wuce jira da duba wa ya mutu, me ya kashe shi ba. A 1954 sakamakon farko ya fito yana nuna alaƙar taba da sankarar huhu, aka ci gaba da bin likitocin har shekara 50, rahoton 2004 ya nuna cewa mai shan taba tsawon rayuwarsa yana asarar kusan shekara goma. Ba wata na'ura mai tsada a ciki. Tambaya ce mai kyau da naci. Shi Hill ɗin ma ba likita ba ne, masanin ƙididdiga ne. Wannan ka ajiye wa masu gudun ajinka.

Amma akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne.

Kafin ɗalibi ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar wani, ka kai tsarin aikin gaban kwamitin ɗa'ar bincike ka samu amincewarsa a rubuce. Bayanan da aka tara da sunan koyarwa ba sa rikiɗa su zama bincike daga baya don kawai ka ga sun yi kyau, kuma mujallar kirki ba za ta karɓa ba. Duk wanda za a auna a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya yarda da kansa, ya kuma san yana da ikon cewa a'a. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ta gindaya ƙa'idojin yin bincike a kan mutane, a kan wannan ta tsaya. Sannan kada ka auna abin da ba ka shirya yin komai a kansa ba. In ka gano mutum yana da hawan jini ka rubuta a littafi ka wuce, kana jiran ganin abin da zai same shi, ka kama hanyar da masu binciken Tuskegee suka bi a Amurka, inda daga 1932 zuwa 1972 aka zuba wa baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ido ba magani, har bayan da aka samu penisilin. Tun kafin ka fara, ka zauna da asibitin da ke kusa ku shirya yadda za a karɓi waɗanda za ku turo.

Sai ingancin awo. Ɗalibi mai sauri ya gama ya koma ɗakin kwana zai iya zama a ƙarƙashin bishiya ya cike takarda ashirin daga kansa. Na taɓa karɓar tarin takardu na ga kusan kowane awo ya ƙare da sifili: 120 bisa 80, 130 bisa 90, 140 bisa 80, kamar an yi wa mutanen garin awo da kwano ɗaya. Wasu sun auna sun cike lambar zuwa goma mafi kusa, wasu kuma Allah kaɗai ya san ko sun auna. Don haka ka ware kwana guda ka horar da su: mutum ya zauna ya huta minti biyar, hannu daidai da ƙirji, kuma a lura da girman abin ɗaurawa, don in ya yi wa damtse kaɗan yakan nuna awo sama da gaskiya. Kai ma ka riƙa zaɓar gida ɗaya cikin goma ka koma da kanka. Da zarar sun san kana komawa, aikin zai gyaru. Kada kuma ka danganta makin jarrabawa da yawan takardun da mutum ya cike, in ba haka ba kai da kanka ka koya musu ƙarya.

Mutanen wurin ma suna da haƙƙi. Shekara da shekaru ana zuwa ana yi musu tambayoyi, ba a taɓa dawowa an ce ga abin da muka gano ba. Ƙarshen kowace fita ku tara su, ɗalibai su yi musu bayani da bakinsu. Wannan zama kaɗai yakan sauya tunanin ɗalibi fiye da lacca goma.

Maganar lokaci ba ta da tsawo. Safiya biyu a mako, ka rufe ƙofa, ka kashe waya, ka yi rubutu. Ba wanda zai ba ka su, kai za ka ƙwata. Kuma ka yi hattara da mujallun nan masu turo saƙo suna yabon ka, suna alƙawarin wallafa takarda cikin mako biyu in ka biya. Ba mai duba aikin a can. Kafin ka aika, duba ko mujallar tana cikin PubMed ko DOAJ, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance, ka kuma tambayi wanda ya riga ka a harkar. Takarda biyar a irin waɗancan na iya zame maka abin kunya ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna.

To, shugaban sashe. Abin da ya nema ba daidai ba ne, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan. Ba ra'ayina kaɗai ba ne. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a sa sunan mutum a takarda: ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga cikin rubutun ko ya yi masa gyara mai ma'ana, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin in ta taso. Zama shugaba kawai ba ya cikin jerin.

Sai dai ba zan tura ka ka je ka karanta masa doka a ofishinsa ba. Shi zai sa hannu a takardar ƙarin girmanka, kuma za ku daɗe tare. Ka kai masa takardar a buge, ka ce, Farfesa, ina neman ka duba mini ɓangaren tattauna sakamakon nan, akwai inda na kasa warwarewa, kuma mujallar tana son a rubuta abin da kowane marubuci ya yi. Wannan ba dabara ba ce kawai, gaskiya ce, mujallu da yawa suna nema. In ya zauna ya yi gyara na sosai, ya cancanci suna, sai ka ba shi gurbin ƙarshe, wanda a al'adar mujallun likitanci shi ne mazaunin babba mai jagorantar aiki. Da yawansu in an gabatar musu da shi a haka suna karɓa da murna. Gurbin farko naka ne, kada ka sake shi. In ya ƙi karantawa kuma ya kafe sai farko, kada ka yi faɗa kai kaɗai. Ka adana duk kwafin aikin da ke nuna wa ya yi me, ka nemi wani dattijon farfesa da yake jin nauyinsa ya yi masa magana a gefe. Aikin gaba kuwa, tun ranar farko a rubuta sunaye da jerinsu da aikin kowa, kowa ya gani.

Ka kuma riƙe zafin da ka ji. Nan da shekara biyu ɗalibai ne za su yi maka yawon gida-gida cikin rana. Wanda ya yi aikin marubuci a cikinsu ka sa sunansa, sauran ka gode musu a ƙarshen takarda.

Batun komawa asibiti, ba abin kunya ba ne, kuma ba zan ce maka kada ka koma ba. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: majiyyata kake kewa, ko abokanka kake hange? In majiyyata ne, abin da sauƙi. Sassan lafiyar al'umma da yawa suna da ƙaramin asibitin da suke kula da shi, ka nemi rana ɗaya a mako ka riƙa duba marasa lafiya, hannunka ba zai mutu ba, kuma daga nan tambayoyin bincike masu kyau suke fitowa. In kuwa hangen abokai ne, ba zan yaudare ka ba: mai yiwuwa su riga ka abin hannu, kuma tabbas za su riga ka suna a bakin jama'a. In wannan ne ba za ka iya haɗiyewa ba, gara ka gane tun yanzu da ka kai shekara hamsin kana huce haushi a kan ɗalibai.

Abin da na lura da shi dai, duk tsawon wasiƙarka ba inda ka ce fannin ya gundure ka. Cewa ka yi an raina shi, kuma an hana ka sukunin yin sa. Don haka kada ka rubuta takardar ajiye aiki a bana. Ba kanka zangon karatu ɗaya cikakke. A makon nan ka rubuta tambayarka guda ɗaya a shafi ɗaya, ka nemo fom ɗin kwamitin ɗa'a, ka kuma binciki ranar da rukuni na gaba zai fita. Yaron nan mai maganar masai, in yana cikinsu, shi za ka ba shugabancin masu komawa gida-gida neman waɗanda aka tura asibiti ba su je ba. Bayan sun dawo ka sake rubuto mini, ina so in ji abin da zai ce.